Garin Gyaran Gira: Yadda Ake Kashe Bindiga da Sunan Wanke Ta

Bindigar farauta wadda ake ja wa hannu gaba da baya kafin kowane harbi, wato fam-akshin, tana cikin kayan ƙarfe masu wuyar mutuwa. Kamfanin Remington na Amurka ya fito da samfurin 870 a 1950, ya sayar da fiye da miliyan goma, kuma ita da kishiyarta Mossberg 500 an ƙera su ne don manomi da maharbin agwagwa, su sha ruwa da taɓo su ci gaba da aiki. Abu guda ne ba su iya jurewa: mai gida ya tashi ranar hutu da niyyar nuna musu ƙauna. Saboda haka duk mai son ya ciyar da iyalin mai gyaran bindiga, ga hanyar.

Da farko, ka yarda da ƙwaƙwalwarka. Idan ta ce maka babu harsashi a ciki, to magana ta ƙare, kamar yadda ta ƙare ga mutane da yawa da suka huda rufin ɗakinsu. Matsorata ne ke juya bakin bindiga inda babu kowa, su janye yatsa daga kunama, su ja hannun baya, su leƙa mazaunin harsashi da ido sannan su zura yatsa. Ba sa tsayawa nan, sai sun duba bututun ƙasa, domin wannan bindiga tana ajiye harsasai a jere a cikinsa, kuma wanda ya fitar da na sama kaɗai bai yi komai ba tukuna. Daga nan su kwashe harsasan su kai wani ɗaki. Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma abin mamaki matsoratan nan su ne ke tsufa, su ne kuma ke zuwa dubiyar jarumai a asibiti.

Na biyu, ka kwance duk abin da ke kwancewa. Masu ƙerawa sun sauƙaƙa aikin har ya zama cin fuska: ka murɗe murfin da ke bakin bututun ƙasa da hannu, ka zare dogon bututun, shi ke nan an isa inda dattin yake. Namiji ba ya tsayawa a nan. Ka ɓalle abin da ke tare dogon sifirin ɗin cikin bututun ƙasa, fuskarka na daidai bakinsa, ka ga yadda ƙarfe ke tashi ba fiffike. Sannan ka fitar da gidan kunama, wanda fil biyu ke riƙe da shi a Remington, fil ɗaya a Mossberg, ka wargaza shi a kan tabarma inda ƙananan sifirin za su sami wurin ɓuya. Littafin kamfani ya ce a bar cikin gidan kunama ga ƙwararru, a goge shi daga waje kawai. Me kamfani ya sani? Ƙera ta kawai ya yi.

Na uku, mai. Ƙa'idar masu sana'a ita ce a jiƙa buroshin tagulla da ruwan wanke bindiga, irin su Hoppe's No. 9 da Amurkawa suka daɗe suna amfani da shi, a tura shi ta gindin bututu don a kankare ragowar albarushi da dalma da roba, a bi da tsumma har ya fito fari, sannan a shafa mai ɗan kaɗan, wanda yatsa zai ji amma ido ba zai ga yana ɗiga ba. Wannan rowa ce. Kai ka kwarara mai kamar za ka soya ƙosai, in na bindiga ya ƙare ka ɗauko na gyaɗa, wanda zai yi danƙo bayan 'yan makonni. Ƙurar hunturu za ta zo ta haɗu da shi su zama kwaɓi, hannun bindiga ya cije. Ka kuma jingine ta baki sama, man ya gangara cikin ƙotar katako ya jiƙa ta har ta yi laushi. Kada ka wanke hannu kafin tuwo, ka ɗanɗana dalma.

Mai gardama zai ce, in haka ne ai gara a bar ta da dattinta. Ba a ce haka ba. Gumin hannu da raɓar damina suna haifar da tsatsa, kuma bututun da laka ta toshe yana iya fashewa a hannun mai harbi. Wanki wajibi ne, amma wankin kirki gajere ne, bai da abin alfahari: duba, zare bututu, goge, ɗan mai, mayar, sannan a ja hannun a tabbatar komai ya zauna. Abin da ya wuce wannan, son burgewa ne. A Najeriya kuma akwai mataki guda da ke gaban duk waɗannan: dokar makamai ta 1959 ta ce sai da lasisi ake riƙe irin wannan bindiga. Wanda ba shi da takarda, kada ya damu da tsatsa, domin 'yan sanda za su ajiye masa ita, su kuma nema masa masauki.