Haske Na Gudu, Transista Na Wahala

Masu gardama, sannunku da ƙoƙari. An ce a teburin mai shayi kun yanke hukunci: wai zancen intanet na bi ta cikin zaren gilashi tatsuniyar Turawa ce, tunda jiya sai da Malam ya hau katanga kafin saƙonsa na WhatsApp ya tafi. To, Malam, sauko mu yi magana.

Zaren nan yana nan, kaurinsa kashi 1 cikin 8 na milimita. Tun 1966 Charles Kao ya nuna cewa in aka tace gilashi sosai, haske zai kai saƙo nesa, kuma a 2009 aka ba shi kyautar Nobel. A Legas ma kebul ɗin MainOne ya sauka a 2010, Equiano a 2022. Da wasu suka tsinke a teku a watan Maris 2024, wa ya fi ku kuka da turin kuɗi ya ƙi tafiya?

Ga inda zan kama ku. Ko wanda ya yarda a cikinku, haske yake yi wa kirari. Eh, yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin gilashi, amma bai san sifili ba, bai san ɗaya ba. Sai an samu mai kunna shi yana kashewa, kamar yaro da cocila, sai dai sau biliyoyi a daƙiƙa guda. Mai wannan wahalar shi ne transista, wanda aka ƙirƙira a Bell Labs na Amurka a 1947. Can ɗaya bakin kuma, hasken yakan iso a galabaice. Wata 'yar na'ura ta mayar da shi wutar lantarki mai rauni ƙwarai, transistoci su ƙarfafa ta, wasu su tsinto daidai lokacin da za a karanta kowane ɗigo, don kada ɗaya ya rikiɗe ya zama sifili. Kuskure kaɗan, hoton bikin Hajiya ya lalace. Inda silikon zalla, wanda ake ƙera transista da shi, ya gaza, injiniyoyi kan gauraya shi da jamaniyam, ko su koma ga indiyam fosfaid, wanda lantarki ya fi gudu a cikinsa.

Na san abin da ke bakinka: "To me ya sa tawa intanet ɗin ke jan ƙafa?" Tambayi eriyar unguwarku da dubban wayoyin da ke rububinta bayan isha'i, ko mai kwangilar titin da katafilarsa ta tsinke kebul. Transista dai ba shi da laifi, ku nemi wani ku zaga.