Ranar da Gogan Naku Ya Danna Beta

A shekarar 2006, duk ɗalibin da ke da adireshin imel a Zariya ji yake ya fi ƙarfin gidan waya. Gogan naku, mai wannan rubutu, yana cikinsu. Kwamfuta dai ba shi da ita. Abin da yake da shi naira ɗari ce, kuɗin awa ɗaya a shagon intanet, inda mutum goma sha biyu ke rabon layi guda kamar masu jiran famfon unguwa.

Lokacin kamfanonin imel suna tsaka da rububi. Google ne ya tayar da ƙurar ranar 1 ga Afrilu, 2004, da ya fito da Gmail ya ce kowa ya zo ya karɓi ma'ajiyar gigabait ɗaya kyauta, alhali Hotmail megabait 2 yake bayarwa, Yahoo kuma 4. Da yake ranar ce Turawa ke shara ƙarya don wasa, mutane da yawa ba su yarda ba. Shiga ma sai da gayyata, har gayyatar ta zama haja a eBay. Sauran kamfanoni suka ga ba zama, kowa ya hau yi wa gidansa kwaskwarima, ya liƙa wa sabon fasalin kalma ɗaya: beta.

Kalmar nan ce ta ja wa gogan naku. Beta harafi na biyu ne a baƙaƙen Girkanci, kuma a wajen masu haɗa manhaja tana nufin girki bai gama nuna ba, an dai ɗebo wa jama'a su ɗanɗana su faɗi inda gishiri bai ji ba. Shi kuwa Turancin buroka ya sani, inda beta ke nufin wanda ya fi kyau. Saboda haka da kamfanin da yake hulɗa da shi (ba sai an kama suna ba) ya yi masa tayin sabon shafi, ko bismilla bai yi ba ya danna.

Minti ashirin wani ɗan zobe yana ta juyawa a allo. Yaron shago ya leƙo ya ce, "Malam, da ka koma tsohon, wannan ya fi ƙarfin layinmu."

"Kai dai ba ka san ci gaba ba," in ji goga.

Da shafin ya buɗe, ya zaro takarda daga aljihu. Wasiƙa ce da ya kwana uku yana tsarawa ga wata ɗaliba 'yar ajinsu, akwai maganar idanu, akwai ta rashin barci. Ya buga ta da yatsa biyu. Da ya zo adireshi, haruffa biyu kawai ya sa na'ura ta ƙarasa masa sauran da kanta. Ikon Allah! Ya waiga ya harari yaron shago, ya danna aikawa. Nan take aka ɗauke wuta.

Sai da aka ja igiyar janareta sau bakwai. Allo ya dawo saura masa minti huɗu, ya buɗe akwatin saƙonnin da suka tafi, sai gumi ya karyo masa. Sunan yarinyar da na kawunsa ashe farkonsu ɗaya ne. Kawun da ke biyan kuɗin makaranta. Kawun da ba ya taɓa kwamfuta, sakatarensa ne ke buga masa kowane saƙo a takarda ya ajiye a kan tebur.

Ko Gmail ma bai kawo dabarar janye saƙo ba sai a Maris ɗin 2009, ita ma daƙiƙa biyar kacal, kuma ba a taɓa jin janaretan da ya tashi a daƙiƙa biyar ba. Kalmar beta kuwa, wadda shi ma yake ɗauke da ita tun farko, sai a Yulin shekarar ya cire ta, bayan shekara biyar.

Kawu bai ce uffan ba har Sallah. Ana zaune cikin zaure, 'yan'uwa sun cika, ya sa tabarau ya zaro takarda mai ninki huɗu.

"Ɗana, na gode da yabon idanuna, ko gwaggonka ba ta taɓa yi ba. Amma akwai kuskuren rubutu goma sha ɗaya, na ja musu layi da jan biro. Gyara ka kawo mini kafin ka koma makaranta, ka haɗo da sunan mahaifin yarinyar."