Shaƙuwar da Babu Soyayya a Cikinta

Hausa ta ajiye kishiyoyi biyu a ɗaki ɗaya, ta kira su da suna ɗaya: shaƙuwa. Akwai wadda ake yi tsakanin masoya, wadda marubutan littattafan soyayya suka daɗe suna cin abinci da ita. Akwai kuma wadda ke damƙe mutum a tsakiyar jama'a, ta mai da dattijo mai furfura kamar ɗan tsakon da ya haɗiyi tsakuwa. Ta biyun ce ta kama ni daren Asabar a teburin mai shayin unguwarmu, bayan na yi wa tsire mai yaji cin wanda aka biyo, na kuma kora da lemo mai sanyi.

A "hik" na farko babu wanda ya kula. A na biyu mai shayi ya ɗago kai daga kaskon ƙwai. Kafin na uku, benci biyu na mutanen da ko ta bakin ƙofar makarantar likitanci ba su taɓa giftawa ba sun rikiɗe sun zama kwamitin ƙwararru.

Tela ya ce in sha ruwa kurɓi bakwai ba tare da na ja numfashi ba. Direban tasi ya ce wane bakwai, tara ne, kuma a tsaye ake sha, haka kakarsa ta rene su. Mai gyaran waya, wanda muke ji da shi a fannin ilimin zamani tunda shi kaɗai ne data ba ta yanke masa, ya ce ya gani a WhatsApp: a toshe kunnuwa da yatsu, wani ya riƙe wa mutum kofin. Baba mai gadi ya bari duk suka gama, ya tauna goronsa, sannan ya ce, "Yaro, wani ne ke ambatonka. Lissafo mana waɗanda suke bin ka bashi, da ka zo kan mai ita za ta tsaya." Na lissafo mutum goma sha ɗaya. Shaƙuwa ba ta motsa ba, amma majalisa ta samu abin tattaunawa na mako guda.

Abin da na lura da shi, ina tsaye yatsu a kunne, tela na ɗura mini ruwa har cikin wuyan riga, shi ne a cikin mutum tara babu wanda ya ce "ban sani ba." Mu kowane irin talauci muna iya jurewa, ban da talaucin amsa. Tambayi mutum hanyar unguwar da bai taɓa jin sunanta ba, zai ce ka miƙe sambal, in ka ga wani dogon masallaci ka sake tambaya. To ina ga ciwo, inda kowa ke da kaka?

Ita kuwa shaƙuwa aikinta ba wani ɓoyayye ba ne. A ƙarƙashin huhu akwai wani faffaɗan tantanin tsoka mai siffar ƙwarya a kife, wanda ya raba ƙirji da ciki. Shi ne mafurin numfashi, irin zugazugin maƙeri. In wani abu ya tsokani jijiyoyin da ke ba shi umarni, kamar cika tumbi fiye da kima, ko cin sauri, ko yaji, ko lemo mai gas, sai ya zabura ya fizgo iska ba shiri. Iskar na shigowa sai ƙofar maƙogwaro ta rufe garam, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Karon iska da rufaffiyar ƙofar nan shi ne "hik" ɗin. Wato duk laifuffukan nan huɗu na aikata su a zama ɗaya, da kuɗina.

Ga abin da zai faranta ran tela: maganinsa ba shirme ba ne tsantsa. Riƙe numfashi yana tara iskar da ya kamata a fitar a cikin jini, hakan kan sa jiki ya bar wasa ya koma kan aikin numfashi. Haɗiyar ruwa a jere kuma tana taɓa wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya har ciki. Sai dai jijiyar ba ta iya lissafi ba, bakwai da tara duk ɗaya ne a wurinta. Su kansu masana har yau ba su haɗu a kan amfanin shaƙuwa ba. Sun tabbatar ɗan tayi yana yin ta tun yana cikin mahaifiyarsa. Wasu sun ce tana taimaka wa jariri mai shan nono fitar da iskar ciki. Wasu masu bincike a Faransa, a 2003, suka ce motsin ya yi kama da yadda 'ya'yan kwaɗi ke numfashi a ruwa tun suna da wutsiya. Wannan na ƙarshen ban faɗa wa Baba mai gadi ba, domin yana da sanda.

Amma sirrin da ya sa shaƙuwa ta zama gonar kowa shi ne wannan: galibi da kanta take tafiya bayan 'yan mintoci. Duk wanda maganinsa ya zo na ƙarshe, shi ne gwani. Faɗuwa ce take zuwa daidai da zama. Tawa ta tsaya ne daidai lokacin da wani ɗan acaɓa, wanda ko zama bai yi ba, ya ce in lashi sukari. Yanzu haka a unguwa "Dakta" ake kiransa, tela kuwa ya daina amsa gaisuwarsa, yana cewa ruwansa ne ya yi aikin, wani ya zo ya girbe.

Ɗan acaɓan ma yana da abokin ra'ayi a manyan wurare. A 1971 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka, New England Journal of Medicine, ta buga rahoton cewa an ba mutum 20 masu shaƙuwa cokalin sukari, ta tsaya wa 19. Wani likitan Amurkan kuma, Francis Fesmire, ya buga nasa maganin a 1988, har ya ci kyautar raha ta masana kimiyya, Ig Nobel, a 2006. Maganin nasa tausa ce da yatsa, amma ta ƙofar da ba a ambatonta a gaban surukai. Shi kaɗai ne maganin da na tabbata in aka kawo shi majalisa, mai shaƙuwar zai ce a bar shi da abarsa, ai sun shaƙu.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wani manomi a jihar Iowa ta Amurka mai suna Charles Osborne. A 1922 yana kiciniyar ɗaga alade don a auna shi kafin yanka, shaƙuwa ta kama shi. Ba ta sake shi ba sai 1990. Shekara 68! A rayuwarsa ya yi aure sau biyu, ya haifi 'ya'ya takwas, ya shiga kundin Guinness. Da ta tafi, shekara ɗaya kawai ya ƙara a duniya, ya rasu a 1991. Da na ba da labarin nan a teburin shayi, ban kai ƙarshe ba mutum uku suka haɗa baki: "Alade? To ai ga dalili nan!" Aka rufe bincike. Ni kuwa tunanin da nake yi daban ne. Da a layinmu bawan Allahn nan ya zauna, lissafa tulun ruwan da za a ɗura masa daga 1922, da zaren da za a manna masa a goshi, da sunayen masu bin sa bashi. Kuma duk wanda Allah ya ba sa'ar miƙa masa wata saiwa a safiyar da ta tsaya, da yanzu jikokinsa na yawo kasuwa-kasuwa da lasifika a kan mota, suna tallar gadon gidansu.

A nan ne kuma wasan ke ɗan yin tsami. Shaƙuwar da ta wuce kwana biyu ba ta majalisa ba ce, ta asibiti ce, domin takan zama ɗan aiken wata cuta: ciwon ƙoda, ko matsalar hanji, ko wani abu a ƙwaƙwalwa. A watan Yulin 2021 shugaban Brazil na lokacin, Jair Bolsonaro, ya kwashe kusan kwana goma yana yin ta, aka kwantar da shi, aka tarar hanjinsa ne ya toshe. Mu kuwa tsarinmu a jere yake: maƙwabci, sai kaka, sai mai kemis, sai mai lasifika, likita kuma sai in an ga abin ya fi ƙarfin kowa, a kai masa mutum ranga-ranga a ce ya yi sakaci.

Cikin gida ma akwai nasu reshen. Jariri na fara shaƙuwa za ka ga an tsinko zare a gefen zane, an jiƙa da yawu, an ɗora masa a goshi. Na taɓa tambayar gwaggona ta wace hanya zaren ke isa tantanin ƙirji. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗin nan da shi aka rene ka, ga ka nan har kana yi mini turanci." Amma babban makaminta shi ne ƙage. Yaro na shaƙuwa sai ta ɗaure fuska ta daka tsawa: "Kai ka sace mini ƙwai a akurki!" Yaro ya firgita, ya hau rantsuwa, kafin ya gama kare kansa shaƙuwa ta gudu. Mu duka an yi mana, kuma ba a taɓa ba mu haƙuri ba.

Shekaranjiya shaƙuwa ta kama babban ɗana muna cin tuwon dare. Na ce yau zan gwada gadon gidanmu. Na ajiye loma, na murtuke, na ce, "Kai! Wa ya ɗauki dubu biyu a aljihun rigata ta Juma'a?" Ni dai na san ban yi ɓatan ko sisi ba.

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, hik, dubu ɗaya ce kawai na ɗauka, hik, ɗayar Umma ce ta ce in miƙo mata."

Uwargida ta tashi tsam ta ce bari ta ɗebo masa ruwa.