Wasiƙa Daga Landan Zuwa Ga Taubashina

Bayan tambayar lafiyar Gwaggo da sauran iyali, ina sanar da kai, ya kai bawana, wani al'amari na mutanen Ingila wanda na daɗe ina bahasinsa, watau sha'anin sunayensu.

Maƙwabcina laƙabinsa Smith, ma'anarsa maƙeri, kuma babu laƙabin da ya kai shi yawa a ƙasar nan. Amma da na tambaye shi inda maƙerarsa take, sai ya shimfiɗa mini tafin hannunsa mai laushi kamar auduga, ya ce shi akawu ne, tun daga kan kakansa babu wanda ya taɓa zugazugi balle masaba. Asalin abin kuwa, bayan da Wiliyam na Nomandi ya ci ƙasar a 1066, sunayen yanka kaɗan irin su John da William suka game gari, har ya zama wajibi ga masu rubuta haraji su bambanta mutum da takwaransa ta hanyar sana'arsa, ko ubansa, ko kamanninsa. Kafin shekarar 1400 galibin gidaje sun mayar da laƙabin abin gado, sana'a ta tafi, suna ya zauna. Shi ya sa za ka ga Taylor, watau tela, bai iya zura zare a allura ba, ka kuma ga Black, watau baƙi, fari fat kamar nono.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rashin alkunya: mace takan ɗauki laƙabin mijinta ranar aure, sa'an nan ta riƙa kiran sunansa gatsau a gaban baƙi, lamarin da in Gwaggo ta ji sai ta yi salati ta toshe kunne. Jariri ma ba rago, ba wanzami, ba maroƙi. Magatakarda ne kawai zai rubuta sunansa cikin kwana 42, daga baya William ya koma Bill, Margaret ta koma Peggy.

Da a nan aka haife ka, lalle da zuriyarka ta gaji laƙabin Sarkin Barci har tashin alƙiyama. Ka aiko mini da sunan da aka raɗa wa jaririyarka, ka kuma faɗa mini ko ragon ya yi ƙiba. Wassalam.

Ubangidanka.