Baki ɗaya, hali daban

Ni fa na gama yanke hukunci: masu ƙera wayoyin kwamfuta ba su taɓa awon hatsi a kasuwar Dogon Dutsi ba. Da sun taɓa, da sun san tiya ɗaya ake yi wa gari, kuma mai rage mata ciki sunansa ɓarawo. Su kuwa kowa da tasa. Tsohon faifan ajiya na IDE haƙora 40 gare shi, da waya faffaɗa kamar ɗamara. A 2003 SATA ta zo da bakuna biyu, mai 7 na bayanai da mai 15 na wuta, ba ta ko gaisawa da tsohon. Ga kuma USB, wadda tun 1996 take wasa da hankalin irina: ka tura ta ƙi, ka juya ta ƙi, ka mayar yadda ka fara ta shige lafiya lau, kamar jakin da ya gama gwada mai shi. Mu 'yan Arewa har da ƙari, don cajar da ta ƙetaro daga Najeriya zuwa Tibiri ƙafa uku gare ta irin ta Ingila, bangonmu kuwa ramuka biyu ne irin na Faransa.

Za a ce ai USB-C ta raba gardama tun 2014: ta kowane gefe tana shiga, kuma Tarayyar Turai ta wajabta ta ga sababbin wayoyin salula daga Disamba 2024, har Apple ya bi sahu. Na yarda, amma kama da wane ba wane ba ce. Wayoyi uku baki ɗaya, wannan ta kwashe hotunan biki kafin shayi ya tafasa, waccan ta ja ciki da saurin USB na 2000, wata ma wuta kawai take kaiwa, kwamfuta ta yi kamar ba ta ga baƙo ba. Masu cewa ai araha ce, su tuna araha ba ta ado, balle ta riƙe takardun ɗalibi. Ƙa'idar da ta tsaya a baki, ba ta shiga cikin waya ba, tiya ce mai ɓoyayyen gindi.

Don haka, ɗan'uwa, in za ka sayi waya, tafi da na'urarka, a jona a gabanka, ka ga fayil ya wuce, sannan kuɗi su bar aljihu.