Maigida Na Makka, Duna Na Mulki

Duk maniyyaci ya san jerin sallama: a biya bashi, a nemi gafarar dangi, a damƙa dabbobi a hannun wani. Akuya kowa zai karɓa da murna. Kare kuwa, sai a fara duban ƙasa.

Wani ma'aikaci a Kaduna ya ga haka da idonsa lokacin da ya tashi tafiya Hajji. Alhazan Najeriya kan yi wata guda ko fiye a Saudiyya, iyalinsa kuma za su koma Zariya har ya dawo. Saura Duna, baƙin karen Jamus, irin wanda 'yan sanda ke yawo da shi.

Ya fara da yayansa, ya je da hujjoji. Ya ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta riƙe shi don farauta da kiwo da gadin gona. Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Madalla da karatu, ƙanena. Sai ka nema masa gona.”

Wani asibitin dabbobi ya yarda ya ajiye shi, kuɗi kullum. Da maigida ya lissafa, sai ya ga guzurinsa ne zai tafi. Wani direba kuma ya ce zai riƙe shi kyauta, yana ta yaba ƙibarsa. Allah ya sa aka tsegunta wa maigida cewa mutumin ba ya fashin kasuwar Dawaki ta Ƙaramar Hukumar Kanke a Filato, inda ake cinikin karnuka, kuma ba don gadi ba.

Daga ƙarshe ƙuri'a ta faɗa kan ɗan ƙanwarsa, ɗalibi mai hutu. Maigida ya cika takarda da dokoki. Kada a ba shi miya mai albasa, don tana lalata jinin kare. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soki hanji. A duba kunnuwansa saboda kaska. Ga katin riga-kafin ciwon haukan kare da ake sabuntawa duk shekara; idan ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti. Ya manna takardar a jikin firiji, ya kwance Duna don ya yi gadi, ya kulle ƙofa, ya aika wa yaron makulli.

Abu ɗaya ya rage: Duna bai taɓa ganin yaron ba.

Yaro ya tura ƙofa, ya ga haƙora, ya ja ƙofa. Dokoki na ciki, mai bin su na waje. Sai ya ari tsani a maƙwabta, yana zura abinci da ruwa ta kan katanga cikin bokiti da igiya, kamar mai ɗiban ruwa a rijiya. Yaran unguwa suka mai da abin kallo, har da masu zuwa da kujera.

Da abin ya ishe shi, ya buga waya. Alhaji na cikin tanti a Mina, sanye da harami.

“Kawu, ya hana ni shiga.”

“Buɗe murya ka miƙa masa.”

Alhaji ya daka tsawa: “Duna, zauna!” Wani dattijo da ya miƙe zai je alwala ya koma ya zauna. Shi kuwa Duna, jin muryar ubangidansa cikin ɗan akwati, sai ya yi tsalle ya ƙwace wayar ya kai ta ɗakinsa, ya kwanta a kai.

Wata tsohuwa maƙwabciya ce ta warware matsalar. Ta ɗauko tsohuwar rigar Alhaji daga igiyar shanya ta bayan gida, ta ce, “Saka wannan, ɗan nan, da hanci yake gane mutane.” Ta haɗa shi da ƙanzo da tsokar nama, ta sa shi ya riƙa zama bakin ƙofa ba ya kallon idon karen. Ba a jima ba Duna ya fara kaɗa wutsiya.

Alhaji ya sauka da aski ƙwal, da haƙorin Makka, jallabiya ta sha turare. Duna ya tare shi a ƙofa, ga Alhaji da jarkar zamzam a hannu, 'yan tarba na leƙe daga nesa. Sai da yaron ya fito a natse ya ce, “Duna, zauna. Kawu, bismillah, amma a hankali, ba ya son baƙi.”