Teku a zauren Baba

Wani ɗan birni ya ce zai kai wa mahaifinsa tsaraba a Dudunni: ɗan akwatin gilashi da kifin teku a ciki, don kallo kawai. Allah ya yi albarka. Sai dai daga Dudunni zuwa bakin teku a Legas tafiyar yini guda ce cur, kifin kuma ba ya shan ruwan rijiya.

Kowace lita sai an zuba mata gishiri wajen giram 35, kuma na musamman, don na miya ba ya yi. Ruwa ya ƙafe da rana, gishiri ya zauna, sai a ƙara tsabtataccen ruwa zalla. Famfon iska yana son wuta dare da rana. Hunturu ya shigo, kifi yana neman ɗumi kamar jariri.

Baba zai duba, ya gyara hula, ya ce, "To ɗan nan, yaushe zai isa shiga miya?" Da ɗan ya ce ba a ci, sai Inna ta aika a sayo tarwaɗa, a kuma tambaye shi nawa ya kashe.